Masu Rabon Faɗa a Cikin Jini: Abin da Suke Ci da Saƙon da Suke Ji

Ranar da likita ya tabbatar wa ɗiyar goggona cewa ciwon da ya shekara biyu yana cin gaɓoɓinta, yana zubar mata da gashi, yana fito mata da tabo a kumatu duk lokacin da ta sha rana, shi ne lufus, mahaifiyarta ta fi ta shiga damuwa. Mun dawo gida Aboabo da yamma, Goggo ta zauna a kan tabarma ta zazzage ledar magunguna a gabanta, ta ce in karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Da na kai ga bayanin cewa biyu daga ciki aikinsu shi ne rage kaifin garkuwar jiki, sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Ɗana, yarinyar da ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa, ita za a rage wa ƙarfi? Ba ƙari ya kamata a yi mata ba?"

Na ce, "Goggo, ai garkuwar ce ke dukanta."

Ta yi shiru, amma na ga ba ta gamsu ba, kuma tana da hujja, domin abin da kunnenta ya saba ji daban ne. Duk wanda ya shiga trotro daga Kejetia zuwa Aboabo ko Tafo ya san mai maganin da ke miƙewa a gaban mota da kwalba a hannu yana rantsuwa cewa abin da ke ciki yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, kuma tun shekarar korona wannan magana ta zama jari a rediyo da kasuwa. An sa mutane sun ɗauka garkuwa kamar katangar gida ce, iya tsayinta iya tsaronta. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, amma a daren nan na kasa ba goggona amsa mai gamsarwa, kuma wannan gazawar ce ta mayar da ni karatu a kan wani ƙaramin rukuni na fararen ƙwayoyin jini waɗanda ba su da aiki sai su ce wa 'yan'uwansu ya isa haka. Abin da ya fi kama hankalina shi ne cewa muƙamin nasu ba rawani ba ne da ake naɗawa sau ɗaya a zauna da shi har mutuwa. Kullum sai an sabunta naɗin, kuma abin da ke sabunta shi shi ne irin abincin da ƙwayar ke ƙonawa da irin saƙon da ke iso mata.

Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira ƙwayoyin T suna da wata baiwa mai haɗari. Kowace ɗaya tana fitowa da nata makamin gane abokin gaba, wanda ake harhaɗawa ta hanyar cakuɗa guntayen ƙwayoyin gado ba tare da zaɓi ba, shi ya sa jiki ke iya gane cutar da kakanninmu ba su taɓa haɗuwa da ita ba. To amma abin da aka harhaɗa a makance dole a samu a cikinsa wanda zai ɗauki ƙoda ko gaɓa ko fatar mai shi a matsayin baƙo. Akwai wani ƙullin nama a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, inda ake tace su tun suna ƙanana, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita daga wurin da rai. Duk da haka rariyar tana da manyan huji, domin a jinin kowane mai lafiya ana samun ƙwayoyin T masu iya far wa jikinsa. Abin tambaya ke nan: me ya hana mu duka kamuwa da irin ciwon ɗiyar goggona?

Amsar ta ɗauki fiye da shekara 30 kafin ta tsaya da ƙafarta. A 1969 wasu masana biyu a Nagoya ta ƙasar Japan suka lura cewa idan aka cire wa jaririn ɓera taimus yana da kwana uku, garkuwarsa, maimakon ta yi rauni kamar yadda aka zata, sai ta juya ta cinye masa wasu sassan jiki. Shimon Sakaguchi ya bi sawun wannan abin mamaki a lokacin da yawancin masana suka daina yarda da cewa akwai ƙwayoyi masu hana faɗa, har a 1995 ya nuna cewa waɗanda ke ɗauke da alamar CD25 a bayansu su ne ke riƙe da sauran. A ɗaya gefen duniya kuma, tun ƙarshen shekarun 1940 ake kiwon wani dangin ɓeraye a Oak Ridge ta Amurka, waɗanda mazansu ke fitowa da fata mai saɓa da kumburarren saifa su mutu cikin 'yan makonni. Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka bi ƙwayoyin gado 20 da ake zargi ɗaya bayan ɗaya, sai a na ƙarshe suka samu aibin, suka ba ta suna Foxp3 a 2001, kuma aka gane cewa lalacewarta ce ke jawo cutar IPEX mai kashe jarirai maza. A 2003 zaren biyu suka haɗu: Foxp3 ita ce ke mayar da ƙwayar T ta zama mai rabon faɗa. Su ukun ne aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a watan Oktoban 2025.

Masana suna taƙaita sunan waɗannan ƙwayoyi da Treg, ni kuwa zan kira su masu tsawatarwa, domin a Zango mun san irin wannan aiki: dattijon da idan samari suka kaure da faɗa a bakin famfo, fitowarsa kaɗai ta isa a sauke hannu. Ba su da yawa, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne na ƙwayoyin T masu alamar CD4. Suna da dabaru da dama. Da furotin CTLA-4 suke fizge alamun izini daga bayan ƙwayoyin da ke kiran yaƙi su haɗiye, suna fitar da sinadaran kwantar da tarzoma irin su IL-10 da TGF-beta, kuma suna mayar da sinadarin ATP da ke zuba daga ƙwayoyin da suka ji rauni, wanda kururuwar neman agaji ne, ya koma adenosin mai sa mayaƙa su lafa.

Saƙon da rayuwarsu ta rataya a kansa shi ne wani ƙaramin furotin mai suna IL-2, kuma tsarin da ke tattare da shi yana cikin abubuwan da suka fi burge ni a halittar ɗan Adam. Ƙwayoyin T mayaƙa su ne ke yin IL-2 idan suka tashi yaƙi, don su zuga kansu su hayayyafa. Mai tsawatarwa ba ta iya yin nata ko kaɗan, domin Foxp3 ta rufe mata wannan ƙofa, amma ita ce ta fi kowa kunnen jinsa, saboda alamar CD25 da Sakaguchi ya gane ta da ita wani ɓangare ne na makarɓin IL-2 mafi kaifi. Idan saƙon ya taɓa makarɓin, sai furotin STAT5 ya ɗauke shi ya kai cikin cibiyar ƙwaya ya ƙara ɗaure Foxp3 a mazauninta. Ma'ana, iya hayaniyar mayaƙa iya ƙarfin masu tsawatar musu, kuma duk IL-2 da mai tsawatarwa ta shanye ya kuɓuce wa mayaƙi. Ɓerayen da aka hana su yin IL-2 an yi tsammanin za su rasa garkuwa, sai ga shi kumburin hanji da farmakin garkuwa a kan jinin kansu ne ke halaka su.

Daga nan likitoci suka ga wata hanya. Tun 1992 ake ba masu ciwon dajin ƙoda IL-2 da yawa don a harzuƙa mayaƙa, to idan aka ba da ɗan kaɗan fa, wanda mai kaifin kunne ce kaɗai za ta ji? A 2011 aka buga sakamakon gwaji biyu, ɗaya daga Boston ɗaya daga Faris, da suka nuna cewa ƙaramin awo yana ƙara yawan masu tsawatarwa a jikin mutum kuma wasu majinyata sun samu sauƙi. Masu lufus suna da ƙarancin IL-2, don haka aka gwada a kansu a Balin da Beijin. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: gwaje-gwajen da aka yi daga baya tare da rukunin kwatance sun nuna masu tsawatarwa suna ƙaruwa, amma ba su cimma babban ma'aunin sauƙin da aka gindaya musu tun farko ba. Ƙara yawansu abu ɗaya ne, sa su yi aiki wani abu ne daban, kuma a nan ne maganar abinci ke shigowa.

Maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa tana hura wuta tun kafin kiran asuba, kuma na sha tsayawa ina kallonta a hanyar masallaci. Da guntayen kwali da busasshen kara take farawa, wutar ta tashi bal-bal da hayaƙi ta lashe su cikin ɗan lokaci, sa'an nan ta tura manyan itatuwa ƙarƙashin tukunyar da ta zuba wa karan dafi da kanwa, su kama a hankali su zama garwashin da zai riƙe abincin da zafi har hantsi ya ɗaga. Ƙwayar halitta ma tana da waɗannan wutatai biyu. Ta farko ita ce farfasa sukarin gulukos a gaggauce ba tare da oksijin ba, inda kowane ƙwayar sukari ke ba da ATP biyu kacal, ragowar ta fita a matsayin tsamin laktik. Ta biyu tana ci ne a cikin mitokondiriya, wato ƙananan murhunan da ke cikin ƙwaya, inda ake ƙona sukari ko kitse da oksijin har toka, a samu ATP kusan 30 daga kowane ƙwayar sukari. ATP kuwa shi ne kuɗin da ƙwaya ke kashewa a kowane motsi nata.

Ƙwayar T mayaƙiya, da zarar ta ga abokin gaba, sai ta koma wutar kara ko da akwai isasshen oksijin, halin da Otto Warburg ya fara gani a ƙwayoyin ciwon daji a shekarun 1920. Da ganin farko almubazzaranci ne, amma ƙwayar da za ta rabu biyu kowane sa'o'i shida zuwa takwas tana buƙatar kayan gini fiye da zafi, kuma sukarin da ba a ƙone ƙurmus ba yana barin guntayen da za a gina sabuwar ƙwaya da su. A 2011 ɗakin binciken Jeffrey Rathmell a Jami'ar Duke ya nuna cewa masu tsawatarwa ba haka suke ba: ƙofofin shigar sukari kaɗan ne a jikinsu, kuma sun fi dogara da garwashin mitokondiriya. A 2017 masana a Filadelfiya suka ƙara da cewa Foxp3 da kanta ce ke juya murhun, tana danne furotin Myc mai hura wutar kara tana ƙarfafa numfashin mitokondiriya. Amfanin wannan a bayyane yake ga wanda ya yi tunanin yadda filin daga ke zama bayan kwana biyu: sukari ya ƙare, tsami ya taru, mayaƙa sun fara galabaita, kuma daidai lokacin ne ake buƙatar wanda bai dogara da sukari ba ya tsaya ya ce a koma gida a fara gyara.

Sai dai labarin bai tafi sumul haka ba, kuma ina ganin gyaran da aka yi masa ya cancanci a sani kamar asalinsa. Shekaru ana maimaita cewa masu tsawatarwa ba sa rayuwa sai da ƙona dogayen sarƙoƙin kitse, alhali hujjar ta dogara ne da wani magani mai suna etomoxir da ake toshe ƙofar kitse da shi. A 2018 wasu masana a Jamus suka cire ƙofar kanta ta hanyar gado, sai masu tsawatarwa suka fito lafiya lau, aka gane cewa yawan maganin da ake zubawa a gwaji yana taɓa wasu wurare da ba a nufa ba. Haka kuma an gano cewa mai tsawatarwa tana kunna wutar kara idan za ta hayayyafa ko za ta yi tafiya zuwa inda ake kumburi, sai dai idan ta daɗe a kanta kaifin tsawatarwarta yana dusashewa. Tana sauya murhu gwargwadon aikin da ke gabanta, kuma lafiyarta tana cikin iya komawa garwashi bayan ta gama da kara.

Gwajin da ya fi girgiza ni shi ne na ɗakin Navdeep Chandel a Shikago, wanda aka buga a 2019. A cikin mitokondiriya akwai sarƙa mai zobba huɗu da ke miƙa wa juna ilektiron har ya isa ga oksijin, sai suka cire zobe na uku a cikin masu tsawatarwa kaɗai, suka bar sauran jikin ɓeran yadda yake. Adadin masu tsawatarwa bai ragu ba, Foxp3 tana nan daram a cikinsu, amma ɓerayen suka mutu da kumburi cikin makonni, kamar 'yan'uwansu na Oak Ridge. Rawani yana kai, murya ta tafi. Dalilin kuwa ya wuce ƙarancin ATP. A kan zaren DNA ana manna wasu ƙananan tambura na metil waɗanda ke aiki kamar kwaɗo a ƙofar shago, kuma akwai wasu furotin masu suna TET da ke cire su. TET ba sa aiki sai da sinadarin alfa-ketoglutaret da ke fitowa daga zagayen mitokondiriya, tare da ƙarfe da bitamin C. Da sarƙar ta tsinke, sai wasu sinadarai masu kama da shi, wato sukusinet da 2-HG, suka taru suka toshe TET, kwaɗuna suka yi yawa a kan ƙwayoyin gadon da ake tsawatarwa da su. Hayaƙin murhu ne ya shiga ɗakin ajiyar littattafai ya manne shafuka. Ita kanta Foxp3 tana da wani yanki mai suna CNS2 wanda sai an cire masa kwaɗo ne 'ya'yan ƙwayar ke gadon muƙamin uwarsu, shi ya sa masu tsawatarwar da ake ƙerawa a kwanon gwaji ke saurin mantuwa da aikinsu, kuma shi ya sa zuba bitamin C a kwanon ke taimaka musu su tsaya.

Wa ke yanke shawarar wutar da za a hura? Akwai wani furotin a tsakiyar al'amarin mai suna mTOR, wanda ke zaune kamar ma'ajin gida, yana duba ko akwai amino asid a rumbu, ko akwai kuzari, ko saƙon girma ya iso daga waje, sa'an nan ya ce a yi gini ko a yi tsimi. An san shi ne ta dalilin wani magani. A 1964 wata tawagar Kanada ta ɗebo ƙasa daga tsibirin Rapa Nui da ke can tsakiyar tekun Fasifik, aka samu wata bakteriya a ciki mai yin sinadarin da aka raɗa wa rapamaisin, a 1991 Michael Hall da abokan aikinsa a Basel suka gano abin da yake kamawa a cikin yis, a 1999 kuma Amurka ta amince da shi ga masu dashen ƙoda da sunan sirolimus. An lura cewa idan aka zuba shi a kan cakuɗaɗɗun ƙwayoyin T, mayaƙa suna tsayawa cik, masu tsawatarwa kuwa suna ci gaba da yaɗuwa, kuma a 2009 aka nuna cewa ƙwayar T da aka raba da mTOR gaba ɗaya, idan aka tashe ta, mai tsawatarwa take zama. Sai kowa ya ɗauka an gama: mTOR abokin gaban masu tsawatarwa ne.

A 2013 ɗakin Hongbo Chi a asibitin bincike na St. Jude da ke Memphis ya rushe wannan sauƙin fahimta. Suka kashe na farko cikin rassan mTOR biyu a cikin masu tsawatarwar da suka riga suka balaga, maimakon su ƙara ƙarfi sai suka zama gumaka, ɓerayen suka mutu da kumburi suna ƙanana. Ashe mai tsawatarwa tana buƙatar mTOR don ta ƙera kolestarol da sauran kitsen da take gina fatarta da su, da kuma ɗaga CTLA-4 zuwa bayanta. Bayan shekara biyu, a 2015, aka yi gwajin ta ɗaya gefen: aka cire PTEN, wanda shi ne birkin wannan hanya, sai saƙon ya yi ta kwarara ba tsayawa, ƙwayoyin suka faɗa wutar kara, suka zubar da CD25, da yawa suka rasa Foxp3, wasu ma suka fara fitar da sinadaran yaƙi, ɓerayen suka kamu da ciwo mai kama da lufus. Idan ma'aji ya ƙulle rumbu gidan ya mutu da yunwa, idan ya bar shi a buɗe dattijon da ake jira ya raba faɗa shi ma ya ɗauki sanda. A nan ne na ji da ma ina da wannan bayani a daren da Goggo ta yi mini tambaya, domin duk inda aka taɓa a wannan tsari, kaɗan yana kashewa, da yawa ma yana kashewa, kuma kalmar ƙari da mai kwalba ke sayarwa ba ta da gurbi a cikinsa.

Wani kaso na saƙonnin daga kwanon abincinmu yake tasowa, ko da yake ba kai tsaye ba. Ɓangaren abincin da hanjinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar gero da dawa da ɓawon wake da zaren ganyen ayoyo da kuka, yana isa babban hanji inda bakteriya ke ruɓar da shi su fitar da gajerun sinadaran kitse, musamman butiret. A 2013 ɗakunan bincike uku, a Amurka da Japan, suka nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan sinadarai suna ƙara masu tsawatarwa a hanji, butiret kuwa yana yin haka ne ta hanyar sassauta naɗin DNA a kusa da Foxp3. Tun 2007 aka san cewa sinadarin da jiki ke samarwa daga bitamin A, wanda manja da ganye ke ba mu tushensa, yana haɗa kai da TGF-beta wajen naɗa sababbin masu tsawatarwa a hanji, kuma su ne ke hana jiki ɗaukar tuwo da miya a matsayin mahara. Gishiri kuwa akasin haka yake yi: a 2015 masana a Jami'ar Yale suka ga cewa yawansa yana sa masu tsawatarwa na mutum da na ɓera su fara fitar da sinadarin yaƙi, daga baya aka nuna cewa sodiyam yana dagula numfashin mitokondiriyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma wanda ya san yawan busasshen kifin gishiri da dunƙulen ɗanɗanon da ke shiga tukunya ɗaya a gidajenmu ya san mun yi nisa da wannan awo. Amma ina roƙon mai karatu kada ya mayar da wannan sakin layi takardar magani. Mafi yawan wannan hujja daga ɓeraye da kwanon gwaji ta fito, kuma furar gero, duk alherinta, ba ta maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta wa mai lufus.

Juriyar da ke sa mai tsawatarwa ta yi amfani a filin daga ita ce kuma ke mayar da ita abin haya ga maƙiyi. Ƙullutun ciwon daji, wato ƙari, yana shanye sukari yana zubar da tsamin laktik, wurin ya zama kufai ga mayaƙa, amma a 2021 ɗakin Greg Delgoffe a Pittsburgh ya nuna cewa masu tsawatarwa suna shan wannan tsami ta wata ƙofa mai suna MCT1 suna rayuwa da shi, kuma da aka toshe ƙofar a jikin ɓeraye sai suka raunana a cikin ƙarin kaɗai, girmansa ya ragu. Tun 2004 aka ga cewa matan da ƙarin ƙwan mahaifarsu ya tara masu tsawatarwa da yawa sun fi saurin rasuwa. A nan dattijon yana hana a kama ɓarawo ne.

Mu a wannan yanki muna da namu misalan da suka fi kusa. A gwajin da aka buga a 2005, inda aka sa wa masu sa kai zazzaɓin cizon sauro da gangan a ƙarƙashin kulawar likitoci, waɗanda TGF-beta da masu tsawatarwa suka fi tashi a jininsu su ne ƙwayar cutar ta fi saurin yaɗuwa a jikinsu. Tsutsotsi sun fi kowa ƙwarewa a wannan siyasa, har akwai wata tsutsar hanjin ɓera da aka gano a 2017 tana ƙera nata jabun TGF-beta don ta naɗa wa kanta masu kare ta. Tundurmi, wanda cibiyar bincike ta KCCR da ke harabar jami'ar KNUST a nan Kumasi ta daɗe tana aiki a kansa tun bayan kafa ta a 1997, yana nuna fuskokin biyu a ƙauye ɗaya: mutumin da jininsa ke cike da 'ya'yan tsutsa amma ƙafarsa lafiya, galibi garkuwarsa a kwance take, wanda kuma ƙafarsa ta kumbura sau da yawa tsutsar ta yi ƙaranci a jininsa, faɗan da ba a raba ba ne ya lalata masa magudanan ruwan jiki. Ga kuma tsargiya da ta yaɗu a gaɓar tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo a 1965. Jikin da ya girma da sauro da tsutsa an saita ma'auninsa daban da na ɓeran da aka haifa a ɗaki mai tsabta a Memphis, kuma wannan dalili kaɗai ya isa a ce KCCR da cibiyar Noguchi da ke Legon su kasance cikin masu auna waɗannan ƙwayoyi a jikin mutanenmu.

A asibiti, ilimin ya fara sauya yadda ake kallon tsofaffin magunguna. Takrolimus da saiklosporin, da ake ba masu dashen ƙoda da wasu masu lufus, suna aiki ne ta hanyar hana mayaƙa yin IL-2, don haka suna sa masu tsawatarwa ma cikin yunwa, alhali sirolimus ya fi barinsu da rai. Akwai kuma masu ɗebo masu tsawatarwa daga jinin majinyaci su hayayyafa su a ɗakin gwaji, sau da yawa da rapamaisin a cikin ruwan don ya hana mayaƙa cin gaba, sa'an nan su mayar masa. Wani gwajin haɗin gwiwa tsakanin Turai da Amurka da aka buga a 2020 ya nuna cewa masu dashen ƙodar da aka yi wa irin wannan ba su fi sauran ƙin dashen ba, kuma sun fi su ƙarancin kamuwa da cututtuka. Aiki ne mai tsada da ke buƙatar ɗaki na musamman da makonni na reno ga kowane mutum ɗaya, kuma babbar fargabar masu yinsa ita ce wadda gwajin PTEN ya nuna, wato ƙwayar da aka saka a matsayin mai rabon faɗa ta isa wurin kumburi ta sauya murhu ta shiga faɗan.

Ɗiyar goggona tana kan magungunanta, ciki har da ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi, kumburin yatsunta ya sauka har ta koma kan keken ɗinkinta, kuma ba ta fita da rana sai da lema. Makon jiya wata maƙwabciya ta kawo kwalbar maganin ƙarin garkuwa da ta saya da kuɗinta don tausayi. Goggo ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka, da matar ta fita sai ta kira ni ta ce, "Ɗana, wannan cikin masu faɗan zai shiga ko cikin masu rabo?" Na ce mata takardar jikin kwalbar ba ta faɗi abin da ke ciki ba. Kwalbar tana nan a kan taga ba a buɗe ba, Goggo ta ce ba za ta zubar ba don kada matar ta ji a ranta, kuma ba za ta ba yarinyar ba sai ranar Talata idan sun koma asibiti ta nuna wa likita.